Abin da Rumbun Ƙwaƙwalwa Yake Gani da Abin da Ke Wuce Shi

Manhajar da muke kula da ita a nan Katsina ta wata ƙungiyar manoma ce: rajistar mambobi, rabon taki, da lissafin bashin da kowa zai biya bayan kaka. Wayar wakilin da ke karkara ba ta taɓa rumbun bayanai kai tsaye. Buƙata take aikawa wata ƙofa ta API, wato hanyar da manhaja ke magana da wata manhaja, ƙofar ta duba, ta rubuta ko ta karanto, sannan ta amsa da lamba: 201 in an yi sabuwar rajista, 404 in ba a sami mutumin ba, 409 in lambar wayar tana da mai ita. Waɗannan ƙofofi muke gwadawa kafin kowane gyara ya fita.

Rumbunmu na aiki PostgreSQL ne, amma gwajin yau da kullum da SQLite muke yi, wanda ake buɗewa cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta in aka ba shi sunan :memory:. Ba ya ajiye komai a faifai, da an rufe haɗin sai ya ɓace. Ina matuƙar son wannan hanya. Kowane gwaji da sabon rumbu yake farawa, saboda haka tarkacen na baya ba ya ɓata na gaba. Ba ruwanka da intanet ko uwar garke, kuma a wurin da wuta ke ɗaukewa ana tsakar aiki, gwajin da zai kammala cikin 'yan daƙiƙoƙi a kan batir ba ƙaramar ni'ima ba ce. Gwajin da ke jan lokaci, a hankali mutane ke daina yin sa.

Akwai tarko ɗaya da kusan duk sabon shiga ke faɗawa: kowane haɗi da rumbunsa daban. Ka gina jadawalai a haɗi ɗaya, ƙofa ta buɗe wani, ta ce maka babu jadawalin. Mai aiki da SQLAlchemy, kayan aikin Python na magana da rumbu, sai ya sa saitin StaticPool, kowa ya bi haɗi guda, magana ta ƙare.

Wanda ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a raina shi ne cewa SQLite mai haƙuri ne, PostgreSQL kuwa ba ya ɗaga ƙafa. Ka ce gurbin lambar waya ba zai wuce haruffa 11 ba, wakili ya rubuta ta da +234 a gaba ta kai 14: SQLite zai karɓa bai ce uffan ba, PostgreSQL zai ƙi, in kuma ƙofar ba ta shirya ba, 500, lambar da ke nuna kuskure a uwar garke, za ta jefa wa mutum. Haka ma goge manomin da ake bin sa bashi. SQLite ba ya kula da alaƙar jadawalai sai an umarce shi da PRAGMA foreign_keys = ON a kowane haɗi, in ba haka ba zai goge mutum ya bar bashi babu mai shi, gwaji kuma ya ce lafiya lau.

Sai batun bincike, wanda ya fi shafar mu. Umarnin LIKE a SQLite ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, amma ga haruffan Turanci 26 kawai. Ka nemi "funtua" zai kawo maka Funtua, ka nemi "ƙanƙara" ba zai kawo Ƙanƙara ba, domin bai san Ƙ da ƙ abu ɗaya ba ne. A PostgreSQL kuwa LIKE yana bambanta su duka, sai dai a yi amfani da ILIKE, wanda ba ya bambantawa. Wato a jihar da ke da ƙananan hukumomi 34, ga Ƙanƙara ga Ɗanmusa ga Ɗandume, gwajin da aka cika da sunaye marasa lanƙwasa bai gwada binciken mutanenmu ba. Ƙari ga haka, wakilai da yawa Kankara suke bugawa don allon wayarsu ba shi da harafin. Wannan babu rumbun da zai warware mana, mu ne za mu daidaita rubutun kafin a bincika.

Abin da SQLite ba zai taɓa nunawa ba shi ne rububi. Buhun taki ɗaya ya rage, wakilin Mashi da na Rimi suka danna a lokaci guda. A PostgreSQL ana kulle layin da SELECT FOR UPDATE har na farko ya gama. SQLite ba shi da wannan umarni, marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda, don haka rigimar ba ta ma tashi balle a ga yadda ƙofa za ta raba ta.

Wata ɗalibar da ta zo horon aiki ta tambaye ni, "To Malam, me zai hana mu bar SQLite gaba ɗaya?" Na ce a'a, yawancin kurakuran ƙofa namu ne, ba na rumbu ba: tantance abin da aka turo, izinin wanda ya turo, lambar amsa. Waɗannan duk a ƙwaƙwalwa muke kama su, da sauri. Abin da ya shafi kuɗi, bincike, gogewa da rububi kuwa mun ware masa gwaje-gwaje kaɗan da ke gudana a kan PostgreSQL na gaske cikin Docker (manhajar da ke gudanar da shi a keɓe a kwamfuta), sigar da ke kan uwar garke, kafin kowace fitarwa. Bayanan gwajinmu ma mun sauya su: yanzu akwai sunaye masu ɓ, ɗ da ƙ, akwai lamba mai +234, akwai manomin da ake bi bashi.