Kafin ki sayi kibiyar saƙa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai 'yan'uwa mata su yi ta tambayata me za su saya don su fara saƙa wa jarirai kayan sanyi. Amsata ɗaya ce kullum: fara zaɓar zare, sannan ki nemo kibiyar da ta dace da shi.

Takardar nan da ke naɗe a jikin dunƙulen ulu, don Allah kada ki yage ta ki yar. A kanta ake rubuta kaurin kibiyar da zaren ke so, da yadda za a wanke shi, da lambar rini. Wannan lambar ce na fi damuwa da ita. Dunƙule biyu za su iya zama shuɗi iri ɗaya a cikin shago, amma idan ba tare aka rina su ba, sai kin gama rigar kin fito da ita rana za ki ga hannu ɗaya ya fi ɗaya turuwa. Shi ya sa nake sayen abin da zai ishe ni a lokaci guda, har da ƙarin dunƙule ɗaya.

Ga zare matsakaici, irin wanda muka fi yi wa jarirai suwaita da shi, kibiya mai milimita 4 ce daidai. Bakin hannu da ƙasan riga kuwa na fi son in yi su da 3.25, don su kama jiki. Mai koyo ta ɗauki ta gora, domin zare ba ya sulluɓewa a kanta kamar yadda yake yi a ta ƙarfe. Idan hannu ya faɗa, ta ƙarfe ta fi sauri. Kafin ki biya kuɗi, shafa tsinin da yatsa; in kika ji kaushi ko kaɗan, ajiye ta, za ta riƙa tsarge miki zare.

Ko da ba kya saƙar kwarashi, ki ajiye guda ɗaya kusa. Ranar da ido ɗaya, wato madaukin zare da ke kan kibiya, ya kuɓuce ya gangara layi huɗu, da shi za ki ɗauko abinki ba tare da kin warware aikin ba. Sai ƙaramin almakashi, da tef ɗin awo, da allura mai faɗin kafa marar tsini ta haɗa gaɓoɓin riga.

Sauran ƙyale-ƙyalen, ni dai ban ga dalilin kashe musu kuɗi tun farko ba. Guntun zare mai wani launi daban ya isa alama, biro da littafi kuma sun isa ƙidaya layi. Kibiya mai igiya, wato kibiyoyi biyu da igiya ta haɗa su, mai tsawon santimita 40, ita ce na ce ki tara kuɗi ki saya in za ki riƙa yin huluna, saboda hular takan fito babu ɗinki a baya, ba abin da zai gurje ƙeyar yaro idan aka kwantar da shi.