Ranar da Na Rufe Sunaye da Guntun Takarda

Da zafin kai na shiga binciken ɗa'a da son kai a wuraren aiki. A tunanina, duk ma'aikatar da ake danne haƙƙin mutane akwai wani mugu zaune a sama, nawa kawai in tona masa asiri.

Binciken Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan na 2004 ne ya fara sanyaya min jiki. Sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka liƙa wa wasu sunayen da aka saba ji wurin fararen fata, wasu kuma na baƙaƙen fata. Masu sunan fararen fata suka samu kiran ganawa fiye da sauran da kashi 50 cikin ɗari. Ina kyautata zaton da yawa daga masu tace takardun za su rantse ba su kula da suna ba, kuma har zuciyarsu suke faɗa.

Na ga irinsa da idona a wani kamfani da na yi watanni ina zama a taron ɗaukar ma'aikata, littafi a cinya, baki a rufe. Ba wanda ya taɓa cewa ba ya son mace ko ɗan wata ƙabila. Abin da ake cewa shi ne, "Bai dace da mu ba." Da na tambayi shugaban kwamitin mene ne dacewar, sai ya juya biro a yatsunsa ya ce, "Malam, in ka gani za ka gane." Na ba su rahoto, suka yi godiya, suka shirya wa ma'aikata bitar dole ta kwana ɗaya kan guje wa nuna bambanci. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun nuna a 2016 cewa bitar dole irin wannan ba ta cika ƙara yawan mata da tsiraru a kujerun shugabanci ba, wani lokaci ma raguwa ake yi. Amma ita ce mafi sauƙi, tunda ba ta taɓa ikon kowa.

Sai abin ya zo kaina. Muna zaɓen ɗaliban digirin digirgir, na tuna yadda ƙungiyoyin makaɗa a Amurka ke gwada masu nema a bayan labule, wanda Claudia Goldin da Cecilia Rouse suka yi nazari a kai a 2000. Na sa aka rufe sunaye da jami'o'in da suka fito da guntun takarda, na sake ba da maki. Wani fayil da na riga na ture gefe ya hau sahun gaba. Da na ɗaga takardar, sai na gane laifinsa ɗaya ne: ban taɓa jin sunan jami'arsa ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wanda ya fi min ciwo ya zo a 2021. Na yi shekaru ina koyar da wata maƙala ta 2012 mai cewa in mutum ya sa hannu a saman fom kafin ya cike, yakan rage ƙarya. Na so sakamakon sosai, shi ya sa ban taɓa neman ganin alƙaluman ba. Aka janye ta, domin an gano alƙaluman na jabu ne. Maƙala kan gaskiya fa!

Na shiga aji na faɗa musu. Wata ɗaliba ta ce, "To Malam, wanne za mu yarda da shi?" Na buɗe musu alƙaluman a kwamfuta, waɗanda maƙalar ta samo daga fom ɗin inshorar mota: nisan da motocin masu inshora suka yi ya bazu daidai wa daida daga sifiri zuwa mil 50,000, ya tsaya cak, abin da direbobi na gaske ba sa yi. Rabin lambobin ma da wani salon rubutu daban aka buga su. Har lokaci ya ƙare muna kan wannan shafi.