Shekara guda ina maganin taifod ɗin da babu shi

Da aiki ya mayar da ni Kaduna, zaman gwauro na yi, kuma mai shayin bakin layinmu ne ya riƙe ni. Da safe biredi da shayi mai kauri, da rana farar shinkafa da mai da yaji, da daddare taliya da ƙwai biyu. Har ta kai ya daina tambayata, da ya hango ni sai ya ɗora kasko.

Ciki ne ya fara kawo ƙara. Kumburi, gyatsa, sai in yi kwana uku ban zaga ba, ranar da na je kuwa sai an sha fama. Daga nan kasala ta shigo, barci ya zama rabi da rabi, ga saurin hasala a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abokan aiki suka yanke hukunci, wasu suka ce taifod, wasu suka ce basir. Ai mu a wurinmu duk abin da ya taso tsakanin ƙirji da gwiwa ba ya wuce ɗaya daga cikin biyun nan. Sai na zama ɗan gida a kemis: in karɓi Flagyl da wasu kafso, in sha kwana uku, in ji dama-dama in watsar. Har jiƙon masu lasifika na saya a tasha, na kwana biyu ina zarya, ina lallashin kaina wai dattin ne ke fita.

Da abin ya ishe ni na je asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, babu taifod. An duba har H. pylori, ƙwayar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, wadda wani likitan Ostareliya, Barry Marshall, ya kwankwaɗa da gangan a 1984 don a yarda da shi. Ita ma babu. Likitar ta ajiye takardun ta ce, "Malam, yaushe rabonka da wake?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Wallahi na kasa tunawa.

Ta ce a cikin babban hanji akwai ƙananan halittu tiriliyan-tiriliyan, kuma mafi yawansu ma'aikatanmu ne. Abincinsu shi ne faiba, wato ɓangaren tsiro da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da ganye. Su suke sarrafa shi, su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanjin, shi kuma faiban ya riƙe ruwa ya tausasa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla giram 25 a rana. Biredina da taliyata an riga an cire musu dusa tun daga masana'anta. Ga yunwa na bar su da ita, ga shi duk wata ina bin su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda bai san na gida ba bai san baƙo ba.

Bayanin da ta yi kan saurin fushina ne ya fi tsaya mini. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, saƙo na kai da kawo ta cikinta, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin da ke jiki a hanji ake yin sa, yana daidaita motsinsa, a ƙwaƙwalwa kuma yana da hannu a yanayin ran mutum. A hanyar gida nake ta tunani: ashe Bahaushe da ya tashi raɗa wa murna da damuwa suna, farin ciki da baƙin ciki ya ce. In tsoro ya kama shi kuma, cikinsa ne ke ɗurar ruwa.

Na kira Hajiya na ba ta labari. "Ai ga shi nan, kun raina tuwo," ta ce, ta haɗo mini kuka da daddawa da busasshen zogale a motar kasuwa. Na koma wake da shinkafa, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, tuwon dawa in na samu, da la'asar fura da kindirmo, don shi kindirmo akwai rayayyun ƙwayoyi masu amfani a cikinsa. Sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

Makon farko na yi garaje, na ɗura wake safe da yamma, iska ta hana ni sakat a sahun salla. Da sannu ake ƙarawa, a jiƙa waken kafin dahuwa, a yawaita shan ruwa. Na kuma tsiri tattaki bayan isha'i. Wajen wata guda cikina ya kama lokacinsa, kowace safiya, barci ma ya dawo. Likitar ta ja mini kunne cewa in na ga jini, ko baƙin bayan gida, ko rama babu dalili, wannan ba aikin zogale ba ne, in dawo da gaggawa.

Ban yi hannun riga da mai shayi ba, ina leƙawa ranar Asabar. Rannan ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Oga, ko an yi aure ne ba mu ji ba?"