Darasin La Yumba a ɗakin gyaran sauti

Kuskure mafi ciwo a aikin kwafe tsoffin faya-fayan tango, kiɗan rawa na ƙasar Argentina, shi ne wankin da ya wuce kima. Oga zai ce ba ya son jin ƙaraf-ƙaraf ko kaɗan, a murɗa matacin sauti har ƙarshe, faifai ya fito tsaf, kiɗa kuma ya mutu. Laifin a kan mai kwafi yake sauka, ba a kan wanda ya ba da umarni ba.

La Yumba, wani sanannen kiɗan tango, ita ce ta fi tona wannan asiri. Osvaldo Pugliese ya naɗe ta a kamfanin Odeon na Buenos Aires a 1946, babu mawaƙi, babu ganga ko ɗaya. Jerin bandoniyon ne (kayan kiɗa mai zugazugi da maɓallai, kamar akodiyon), da gogen Turawa, da fiyano, da ƙaton goge mai kaurin murya. Sunan ma kwaikwayon sautin ne: “yum” shi ne dukan farko da na uku, masu nauyi, “ba” kuma na biyu da na huɗu, inda hannun hagun mai fiyano ke faɗawa can ƙasa kamar an sauke buhu. Kafin dukan farko akwai wani ja da ƙaton gogen ke yi, wanda makaɗan ke kira arrastre, sauti ya taso daga ƙasa yana kumbura har ya dira. Tsananin kiɗan da ɗan fushin da ke cikinsa duk a nan suke.

To matacin da aka sa ya yanke gurnanin faifai daga ƙasa ba ya bambance gurnani da “ba”. Yana kwashe su tare. Wanda ke share shuuu daga sama kuma ya tafi da kartar bakan goge a kan tsirkiya da numfashin bandoniyon. Mafi muni shi ne na'urar daidaita ƙarfi. Pugliese yakan rage kiɗa ya koma raɗa, ya ja lokaci, goge ɗaya ya yi kuka, sannan kowa ya afko gaba ɗaya. In aka matse raɗar da afkowar suka zo daidai, mai rawa ba shi da abin jira. Ƙaraf ɗin, da hannu ake cire shi, ɗaya bayan ɗaya, shuuu ɗin kuma a bar masa rabinsa. Kunne kan manta da shi kafin a yi nisa. Yini guda yake ci, shi ya sa masu gaggawa ba sa so.

Sauran ƙa'idojin ba su da tsawo. Faifai mai juyi 78 a minti layinsa faɗi gare shi, allura mai kaurin mil 2.5 zuwa 3 yake so (mil ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na inci). Siririyar allurar LP, faifan da ya zo daga baya mai siririn layi, tana nutsewa ƙasan layi ta kwaso datti. Ma'aunin RIAA, na daidaita sautin sama da na ƙasa a faifai, sai a 1954 ya zo, ba da shi aka yanka faifan 1946 ba, in aka bi ta cikinsa sama ya dushe, ƙasa ya yi gunji. A duba gudun juyi da muryar bandoniyon, tunda ba ta sauyawa a tsakiyar kiɗa. Ƙarin kashi 6 cikin 100 a gudun ya isa ya ɗaga sauti rabin mataki, Pugliese ya koma mai sauri kamar Juan D'Arienzo, makaɗin tango da aka sani da saurin kiɗa.

Kwafin farko, wanda ba a taɓa ba, a adana shi daban. Ranar da oga ya sauya ra'ayi, shi za a nema, kuma ba zai tuna shi ya ce a wanke sautin ba.