Inda na kai da zanen akuya da mai ƙosai

'Yan uwa masu koyon zane mai motsi, sannunmu da ƙoƙari. Ɗan gajeren katun ɗina na akuya da mai ƙosai ya kai matakin rabon lokaci, wato yanke shawarar hoto nawa kowane motsi zai ci. Tafiyar akuyar ta zauna daidai a Krita, manhajar da nake zane da ita. Wurin dariyar ne ya rage, shi ya sa na ajiye alƙalami na koma kan gajerun ayyukan Japanawa, ina tsayar da su ina ƙirga hotuna.

Abin da na tarar shi ne dariyarsu yawanci a cikin tsayawa take. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, amma tun da Osamu Tezuka ya fito da Tetsuwan Atom a talabijin a 1963, masu katun na Japan suka saba riƙe zane ɗaya tsawon hoto uku, zane 8 ke nan a daƙiƙa. Ƙarancin kuɗi da lokaci ne ya jawo haka, su kuma suka ƙware a kai har ya zama salonsu. Ga mu da muke aiki mu kaɗai a waya ko tsohuwar kwamfuta, wannan babban sauƙi ne.

Wanda ya fi kama ni shi ne Atama Yama na Koji Yamamura, na 2002, mai minti goma. Labarin daga rakugo aka ɗauko shi, wato barkwancin da mutum ɗaya ke bayarwa a zaune. Wani marowaci ne ya ci 'ya'yan ceri har da ƙwallayen don ba ya son zubar da komai, sai itace ya tsiro masa a tsakar ka. Da ya yi fure, jama'a suka taru a kansa suna shagali. Ya fusata ya tumɓuke shi, ramin ya cika da ruwa, aka dawo ana iyo a ciki. Ƙarshenta ya faɗa cikin tafkin da ke kan nasa. Ku dubi layukan: suna rawa, launin kuma a dusashe yake kamar tsohuwar takarda. Wasu za su ce zanen ba shi da kyau. Ni a ganina da an goge shi ya yi sumul, da rowar mutumin da ƙazantar ɗakinsa ba su fito ba. Ba banza ya ci babbar kyautar bikin finafinan katun na Anesi a Faransa a 2003 ba.

Pui Pui Molcar na Tomoki Misato, na 2021, wata hanya ya bi. Motoci ne masu siffar ɓeran Masar da aka yi da ulu, ana motsa su da hannu ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, kowane kashi bai kai minti uku ba, kuma kusan babu magana. Ido da karkarwar jiki su ke yin aikin duka.

Na kawo wannan cikin nawa aikin. Akuya ta ɗauke ƙosai daga tire, matar ta waiwayo, sai na daskarar da komai tsawon hoto 36. Muƙamuƙin akuyar kaɗai ke motsi, zane uku ina maimaita su, tana tauna tana kallon matar ido cikin ido. Ludayin na sama a hannunta, mai yana ɗiga. Sai bayan nan gudu ya fara, shi kuma da sauri, zane biyar kacal.

Ku gwada a naku: ku fitar da wuri ɗaya da tsayawar hoto 12, da 24, da 36, ku nuna wa wani a gida ba tare da sauti ba, ku lura da inda bakinsa ya fara motsi. Ku faɗa mini wanne ya yi muku aiki. Ni yanzu sautin taunar zan shiga nema.