Ɓaraguzan intalok da na katanga: a san inda za su kafin a ɗaga guduma

A Abuja aikin gyaran harabar gida yakan ƙare da tsibi a bakin get: guntayen intalok, fasassun bulo, busasshen siminti, buhunan da aka zazzage. Mai aiki ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, mai gida yana jiran motar shara, ita kuwa ba ta ɗaukar irin wannan kaya. Ruwan Afrilu na sauka sai yashin ya gangara kwata. Maganar kwashe ɓaraguzai wurinta cikin cinikin farko ne, a rubuce, tare da kuɗin siminti da na lebura, kuma a riƙe wani abu daga kuɗin aiki har sai an ga fili fes.

Abin da ke yaudarar mutane nauyi ne. Intalok mai kaurin milimita 60, wanda ake shimfiɗawa a hanyar ƙafa, murabba'in mita ɗaya yana kai kilo 130 zuwa 140. Mai milimita 80, na wurin ajiye mota, yana kusan kilo 180. Katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2.4 tana cin bulo kusan 240, domin bulo 10 ne ke rufe murabba'in mita. Idan mai inci tara ne, aka haɗa da kwaɓin da ke tsakani da filasta, ana maganar tan shida ko fiye. Daɓen kankare ya fi su duka: murabba'in mita 50 mai kaurin santimita 10 tan 12 ne, kuma da an fasa shi sai ya kumbura ya ci wuri kusan ninki ɗaya da rabi. Wanda ya yi cinikin tifa mai tan goma sahu ɗaya a kan irin wannan daɓe, ya shirya biyan sahu na biyu.

Tun ranar farko a ware wuri huɗu, kada a bari lebura su tara komai tsibi guda, domin abin da aka cakuɗa ba mai zama ya tsince shi. Na farko intalok da kab, wato dogayen tubalan da ke tokare gefensa, da suka fita lafiya. Waɗannan kuɗi ne. A kankare musu yashi, a jera su a inuwa, tsayin jerin kada ya wuce ƙugu. Mai gida ya ajiye na murabba'in mita ɗaya ko biyu, saboda ranar da mai gyaran famfo zai tono bututu, ko man mota ya ɓata wani sashe, da wuya a sami irinsa sak. Masu bugawa suna sauya zubi, launin ma yana bambanta daga kwaɓi zuwa kwaɓi. Sauran a sayar, ko a ba masallaci ko makarantar unguwa. Tsofaffi ba a haɗa su layi ɗaya da sababbi sai an auna kauri, don bambancin milimita biyar ya isa ya sa mutum tuntuɓe.

Na biyu fasasshen kankare da bulo zalla. Na uku ƙarfe: rodi, waya mai reza ta saman katanga, ƙusoshi. Wannan masu sayen tsohon ƙarfe a panteka suna biya da kilo. Na huɗu shara ta gaske: buhun siminti, leda, gwangwanin fenti, katako, guntun silin na POP, da fasassun kwalaben da ake kafawa a kan tsohuwar katanga. Kwalaben nan a fara ɓalle su cikin buhu kafin a tura katangar, in ba haka ba za su bi yashi su shiga ƙafar yara.

Tsibi na biyu shi ya fi amfani, kuma a nan aka fi ɓata aiki. Yana zama ciko a ƙarƙashin sabon intalok, amma sai an farfasa shi da guduma ya koma kamar dunƙulen hannu, santimita biyar zuwa bakwai. A shimfiɗa kaurin santimita 10 zuwa 15, a zuba garin dutse ko yashi mai kaifi ya cike ramukan tsakani, a yayyafa ruwa, a bi da injin daddaɓewa. Idan ramin ya yi zurfi, hawa hawa ake yi, kowane hawa da nasa daddaɓewar. Masu gaggawa sukan jefa rabin bulo da raminsa a buɗe su rufe da jar ƙasa. Damina ɗaya ta isa: ruwa ya janye ƙasar cikin ramukan, saman ya lotsa, ruwa ya kwanta daidai inda tayar mota ke tsayawa. Bulon yashi kuma ba kankare ba ne, musamman wanda aka yi wa rowar siminti. Yana murƙushewa ƙarƙashin nauyi, don haka a kai shi hanyar ƙafa ko bayan gida, a bar wa mashigar mota fasasshen kankare da dutse. POP kada ya shiga ciko ko kaɗan: yana jiƙa ya yi laushi, sinadarin da ke cikinsa kuma yana cin siminti. Katako yana ruɓewa ya bar rami, kafin nan ya gayyato gara.

Akwai ɗabi'ar binne ɓaraguzai inda za a shuka ciyawa, a yafa baƙar ƙasa a kai. Da damina ba a gane komai. Da hunturu ya shigo sai wurin ya yi faci faci ruwan ɗorawa, domin saiwa ba ta da zurfin da za ta bi ruwa, siminti kuma yana sauya ƙasar ta yadda fure irin su iksora ke koɗewa. Ruwan wanke kwanon kwaɓa siminti da shebur ma haka yake ƙona ciyawa. A haƙa ɗan rami a gefe a riƙa wankewa a ciki, in ya bushe a ɓamɓare a jefa cikin tsibin kankare. Wajen yanka intalok kuma a riƙa zuba ruwa a bakin injin, mai yankan ya rufe hanci, domin ƙurar nan tana taruwa a huhu ba ta fita.

Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne na tifa. Hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, ita ke kula da shara a cikin birni, kuma babban jujin yana Gosa. A tambayi direba inda zai juye kafin ya loda, a biya rabi, cikon kuɗin sai ya turo hoton wurin. Direban da ya yi arha fiye da kima galibi kangon wani ko bakin rafi ya nufa da dare, alhali mutanen Lokogoma da Lugbe sun san abin da ruwa ke yi idan hanyarsa ta ƙuntata. Sau da yawa ma ba sai an je juji ba: mai ginin da ke cike fandishan a kusa zai karɓi kankare zalla, wani lokaci da motarsa. Unguwannin da titinsu bai da kwalta, a Kubwa ko Karu, su ma suna nema don cike ramuka, amma a fara shaida wa mai unguwa, a cire duk wani rodi, a farfasa, a baje shi ƙasa da bakin kwata yadda ruwa zai ci gaba da sauka ciki. A rufe bayan tifa da tampol kafin ta hau titi, a share bakin get da cikin kwata a ranar, kafin yashin ya haɗu da ruwa ya daskare.