Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Ɗalibata Ta Farko

A makon jiya na tsaya a inda likita a birnin Pune na ƙasar Indiya ya ce ciwon bayan da ya biyo bayan haihuwar ɗana na biyu ba ya bukatar tiyata, motsa jiki yake so, sai wata maƙwabciyarmu ta kai ni ajin wata dattijuwa mai koyar da yoga, wato salon miƙa jiki da sarrafa numfashi na Indiyawa. Shekara biyu na yi ina zuwa wurinta, sau uku a mako, kafin maigida ya kammala karatunsa.

Malamar nan ta haura sittin, kuma ta koya ne a cibiyar shahararren malamin yoga B.K.S. Iyengar da ke Pune, wadda aka buɗe a 1975. Mutumin ya rasu a watan Agustan 2014 yana da shekara 95, watanni kaɗan kafin mu isa garin, amma kullum sunansa na bakinta. Ta kan ce yaro ne mai yawan laulayi, ya sha zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da taifod kafin mijin yayarsa, Krishnamacharya, ya ɗauke shi zuwa Maisur ya koya masa. A ganinta shi ya sa ya tausaya wa raunana, ya shigo da kujera da bargo da igiya da guntun katako cikin aji, don wanda hannunsa bai kai ƙasa ba a kawo masa ƙasar kusa.

Tun ranar farko na gaya mata ni Musulma ce: ba zan furta "Om", kalmar ibadar Hindu, ba, ba zan yi jerin motsin da suke kira gaisuwar rana ba. Ta ce in zauna shiru idan ana yi. Ban ɗauki maganar da wasa ba, don na san majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da ambaton bauta a 2008. Na riƙe miƙa jiki da sarrafa numfashi da zaman nutsuwa, na bar musu sauran. Kafin mu taso na yi kwas ɗin koyarwa na awa 200, aka ba ni takarda, na sa ta a ƙasan akwati.

Mun sauka Kano a ƙarshen 2017, hunturu ya kankama. Daren farko a gidanmu na ga Inna ta jawo kujerar roba ta yi Isha'i a zaune. Ba wanda ya gaya mini a waya. Ƙanwata ta ce kusan shekara ke nan, likitan ƙashi ya ce guringuntsin gwiwa ya cinye, kuma tun rasuwar Baba ba ta barcin kirki.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san me wannan ke nufi: Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "'yar nan", kuma ban tuna ranar da na riƙe hannunta ba tun ina firamare. Yanzu kuma ina so in ce mata ta kwanta, ta ɗaga ƙafa, in dafa mata gwiwa. Kwana huɗu ina juya maganar a raina. Sai na bi ta hannun Goggo, ƙanwar Baba, wadda ba abin da take jin nauyin faɗa. Ita ta ce, "Yaya, ki bari yarinyar nan ta gwada abin da ta koyo, ai ba allura ba ce."

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a ɗakinta. Na ce bari in nuna mata tukuna. Na tsaya, na sunkuya har tafin hannuna ya kwanta a ƙasa, gwiwa a miƙe, kamar yadda na saba. Da na ɗago sai na ga ta kawar da kai wajen taga.

"Wannan ai na masu jini a jika ne," in ji ta. "Naɗe tabarmarki."

Na fita tsakar gida na tsaya bakin rijiya, zuciyata ta yi nauyi. A nan na tuna cewa a shekara biyun nan ban taɓa ganin malamata ta nuna iyakar abin da jikinta zai iya ba. Zagayawa take yi tana kallonmu, ta tura wa wannan bargo, ta gyara wa waccan diddige. Ni kuwa na shiga ɗakin tsohuwa mai ciwon gwiwa na nuna mata abin da ta rasa.

Bayan La'asar na koma, ban ɗauki tabarma ba. Na tarar da ita a kishingiɗe a gado. Na ce, "Inna, a ɗan ara mini gyalen nan." Na zagaya shi a tafin ƙafarta, na miƙa mata bakinsa biyu. "A ja a hankali, inda aka ji ya fara ɗaurewa a tsaya." Ƙafar ba ta ɗagu fiye da taƙi biyu ba. Na sa matashi a ƙarƙashin ɗaya gwiwar, sannan na ɗora tafin hannuna a cinyarta don ta ji naman da nake so ya yi aiki. Jikinta ya ɗan ƙame. Ba ta janye ba.

Daga nan muka koma kujerar robar nan. Ta zauna, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta riƙe har numfashi biyar, ta sauke, don naman cinya idan ya yi ƙarfi yana rage wa gwiwa nauyi. A ƙarshe na ce a lumshe ido, a shaƙi iska ina ƙirga huɗu, a sake ta ina ƙirga shida. Idan tunani ya tafi kasuwa ko ya tafi wurin Baba, kada a yi faɗa da shi, a dawo kan numfashin kawai. Muka yi kamar minti biyar. Ina jin kukan tattabarun maƙwabta, ina kallon kafaɗunta suna sauka kaɗan kaɗan. Da ta buɗe ido ta share gefensa da bakin ɗankwali ta ce, "Gobe ki zo da wuri, kafin yara su tashi."

Gwiwar Inna ba ta warke ba, guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da gyale, kuma ba ta daina shan maganin asibiti ba. Har yau a kujera take salla. Abin da ya canza bayan wata uku shi ne tana tashi daga kujerar ba tare da ta dafa kowa ba, tana taka ƙafa zuwa gidan Goggo, kuma ƙanwata ta daina jin motsinta da ƙarfe biyun dare.

Ita da kanta ta yi mini talla, ban sani ba. Wata Asabar na shigo na tarar da mata biyar a tsakar gida, kowacce da gyalenta a hannu, Goggo a gaba. Muna cikin ƙirga numfashi sai aka yi sallama a zaure, yaro ya shigo ya ce Kawu Liman ne, yana son magana da ni a kan abin da ya ji ana koya wa mata a gidan ɗan'uwansa.

Yadda muka yi da Kawu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.